Kwalinki da Na Ƙona, da Abin da Na Gani a Kudu

Majidaɗi, Jalingo.

Zuwa ga 'yata Dija,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin sauka Maiduguri lafiya, kin samu ɗaki a jami'a, kin kuma dace da abokan zama na kirki. Allah Ya sa kin shiga a sa'a, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya raba ki da ciwo da mugun aboki. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Na sa wannan takarda a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zanen gado, na roƙi Innarki kada ta gaya miki. So nake ki karanta ta bayan kin yi nisa da ni, don abin da ke cikinta shekara biyar ke nan ina kasa faɗa miki ido da ido. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san da gemuna na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, kuma hannun da ya saba da sitiyari bai cika jituwa da biro ba. Kwana huɗu na yi ina rubutawa, kullum bayan la'asar.

Ba zan cika ki da "yi kaza, bar kaza" ba. Innarki ta riga ta yi, kuma ta fi ni iyawa. Ni abin da nake da shi kurakuraina ne. Zan faɗa miki su yadda suka faru, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

Kina aji biyu a sakandare kina da wani kwalin sabulu da kike ɓoyewa a bayan randa. Na san kin tuna. A ciki akwai malam-buɗe-littafi kala-kala da kika soke da ƙaya a jikin ɓargon kara, da buzuzu, da gashin balbela, da saɓar maciji, da ƙoƙon kan bushiya da kika tsinto a bakin rafin Mayo Gwoi. Ni ban san da shi ba sai ranar da wani maƙwabcinmu, ba sai na kama suna ba, ya tare ni a benci bayan mun fito masallaci. A gaban mutane ya ce, "Malam Buba, ka sa ido a gidanka. Matata ta ga 'yarka da kan wata dabba da saɓar maciji. Irin kayan nan ai wurin boka ake ganinsu." Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai.

Na shigo gida raina a ɓace. Ban tambaye ki komai ba. Na ɗauko kwalin na jefa a murhu, Innarki tana tsakiyar tuƙa tuwo. Kina tsaye kina kallo. Ba ki yi kuka ba. Abin da kika ce kawai shi ne, "Baba, littafina yana ciki. Na rubuta inda na samo kowanne." Na ce miki ki wuce ki ba ni wuri.

Dija, ba tsoron Allah ne ya sa na yi haka ba, ko da yake a lokacin haka na gaya wa kaina. Dariyar mutum huɗu a kan benci ce ta kore ni. Inda za ki zauna yanzu bakuna sun fi na unguwarmu yawa, kuma za a riƙa kawo miki maganar mutane. Idan aka kawo miki maganar wani, musamman wanda yake ƙasa da ke, ki je ki tambaye shi tukuna. Da na ce miki, "Mene ne wannan?" da kin yi mini bayani cikin minti biyar.

Bayan wata uku aka ba ni wata tafiya. Lokacin ba mu daɗe da samun jiharmu ba, kowace ma'aikata tana ta aika mutanenta kwas da taro. Aka ce in ɗauki malaman kimiyya goma sha huɗu a bas ɗin ofis in kai su wani taro a ƙasar Yarbawa. Cikinsu har da malamarku, Malama Rifkatu. Kwana biyu muka yi a hanya, ta Mutum Biyu da Wukari da Makurdi, muna tsayawa layin mai. Da aka gama taron, ranar ƙarshe, sai aka ce za a kai su wani gida a cikin jami'ar garin, inda ake adana halittu da kayan kimiyya don mutane su gani.

Na kai su bakin ƙofa suka sauka. Ni kuwa na yi abin da na saba. Na nemi inuwar mangwaro, na kafa mota, na kwantar da kujera, na ɗora hula a fuska.

Ban daɗe ba na ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Malama Rifkatu ce.

Ta ce, "Baban Dija, kwana biyu ka yi kana tuƙa mu, kuma labarin inuwar mangwaro za ka kai gida?"

Na ce, "Malama, ni direba ne. Aikina a bakin ƙofa ya tsaya."

Ta ce, "Na duba ƙofar, ban ga an rubuta haka ba."

Na ce motar tana buƙatar tsaro. Ta nuna mini mai gadi. Na ce ƙafata tana ciwo. Ta tsaya kawai tana kallona, irin kallon da na san tana yi muku a aji. Daga ƙarshe na faɗi gaskiya, na ce, "Komai na wurin da Turanci aka rubuta. Zan shiga in tsaya kamar gunki a gaban mutane."

Ta yi dariya ta ce, "Giwar da ke ciki ma ba ta jin Turanci. Taso."

Kin san shekara nawa na yi ina tuƙi kafin ranar? Fiye da ashirin. Na je Legas, na je Inugu, na je Kaduna ba adadi. Amma idan kika tambaye ni me na gani, sai in ce gidajen mai, da gareji, da inuwar da ake ajiye mota. Duk inda na kai oga, a waje nake jira, ko da an ce in shigo. Ina kiran abin ladabi, alhali kunyar jahilcina ce. Kada ki gaji wannan daga wurina. Za ki tarar da 'ya'yan manya da suka fi ki Turanci da sutura. Duk ƙofar da aka buɗe don karatu, ki shiga. Ki zauna a gaba. Abin da ba ki gane ba ki ɗaga hannu, ko za a yi dariya. Dariyar tana ƙarewa kafin a tashi aji, ni kuwa shekara ashirin na yi a gindin bishiya.

Da muka shiga, abin da na fara gani ƙasusuwan giwa ne, an haɗa su da waya tana tsaye. Na tsaya kusa da haƙarƙarinta na ji kamar ina bakin rumfa. Gefe ga raƙumin dawa, wuyansa ya kusa taɓa rufi. Ga kan dorina da haƙoranta, ga kada, ga tsuntsaye a cikin gilashi an cusa musu auduga suna tsaye kamar za su tashi. Na ga carki a bayan wata ɓauna, na ce a raina, kai ma an kawo ka.

A wani ɓangare kuma akwai injin mota da aka tsaga biyu, an sa masa mariƙi. Idan ka juya sai ka ga fistin yana hawa da sauka, bawul yana buɗewa yana rufewa. Malamai biyu suna gardama a kan lokacin da wuta take kamawa. Ban san sa'ad da na sa baki ba. Na juya mariƙin na nuna musu. Ɗaya ya ce, "Ashe da farfesa muke tafe." Wasa yake yi, amma ƙirjina ya ɗan buɗe.

An kuma nuna mana wani dutse da siffar kifi a cikinsa, har ƙayoyinsa ana gani. Suka ce ya daɗe a ƙasa fiye da yadda hankalina zai iya ƙirgawa. Ba zan ɓoye miki ba, na ji kamar ina kallon abin da bai kamata ba. Azahar ta yi, na fita na yi salla a kan ciyawa. Ina zaune bayan sallama sai na ga ba abin da ya ragu daga imanina. Wanda na yi wa sujada Shi ne dai Ya yi kifin, Ya kuma adana shi a dutse har na zo daga Jalingo na gan shi. Na tashi na koma ciki da ƙafata. Za ki ji abubuwa a aji da za su girgiza ki. Kada ki gudu daga gare su, kada kuma ki bar sallarki saboda su. Abin da ya shige miki duhu ki riƙe shi a hankali, ki tambayi masana na nan da na can, ba sai kin warware shi a rana ɗaya ba.

Daga nan aka kai mu ɗakin ƙwari.

Dija, ɗaki ne guda, bango zuwa bango durowa ce ta katako. Mai kula da wurin, wani dattijo Bayarabe mai furfura, ya riƙa jawo su ɗaya bayan ɗaya. Kowace durowa cike take da malam-buɗe-littafi, da buzuzu, da fara, an soke kowanne da allura. A ƙarƙashin kowanne akwai 'yar takarda da aka rubuta sunansa da inda aka samo shi. Ba abin da ya raba su da kwalinki sai gilashi da fenti. Manyan mutane masu digiri sun ƙare rayuwarsu suna yin abin da kika yi ke kaɗai a bayan randa da ƙaya da ɓargon kara, ba wanda ya koya miki.

Malama Rifkatu ta matso ta ce, "Ka gani? Irin na Dija. Ta taɓa kawo mini nata makaranta, na nuna wa duk ajin. Yana nan dai ko?"

Na ce, "Yana nan."

Ƙarya na yi mata, a tsaye, da girmana. Daga baya na gane ta riga ta sani, don ke kin gaya mata tun washegarin ranar. Dama ta ba ni in faɗi gaskiya, na ƙi karɓa. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba har yau, kuma duk sa'ad da muka haɗu a kasuwa sai na ji nauyinta. Idan kin yi kuskure aka tambaye ki, ki faɗa a wurin. Nauyin ƙaryar ya fi na laifin daɗewa a jiki.

Na janye daga cikin mutane na koma wani lungu don kada a ga fuskata. A wurin an manna busassun ciyayi a kan manyan takardu. Na duba na ga na san su duka. Ban san ina magana a fili ba, ina cewa wannan gamba ce, wannan harkiya, wannan ƙyasuwa, wannan tofa. Sai na ji murya a bayana da wata Hausa irin ta 'yan kasuwar shanu, "Malam, ka san su ne?"

Dattijon nan ne. Ashe ya yi shekaru a arewa yana tara ciyayi da ƙwari. Na ce masa a cikinsu na tashi, ubana makiyayi ne a dajin Mutum Biyu. Ya ce in jira. Ya dawo da kujera biyu da wani babban littafi. Ya riƙa nuna mini ciyawa ɗaya-ɗaya yana tambaya. Yaya sunanta da Fillanci? Wane wata shanu suka fi son ta? Wacce ce ke ƙara nono? Na gaya masa yadda gyauron dawa yake kumbura cikin saniya idan ta ci shi da ɗanyensa, da abin da muke ɗura mata. Yana rubutawa, yana sa ni in maimaita. Wani wurin ya ce, "Littafinmu bai faɗi haka ba," na ce to shanunmu haka suka faɗa. Ya yi dariya ya rubuta. Da muka gama ya tambayi sunana da na garinmu, ya sa a ƙasan shafin.

Sai ya ce shi ma bari ya nuna mini wani abu. Ya kai ni gaban wani gilashi da aka ajiye tsando, ƙudan nan da ke sa wa shanu sammore. Ya sa wani ɗan gilashi a ƙarƙashin madubin da ake duba ƙwayar cuta da shi, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Da farko ban ga komai ba. Ya murɗa wani abu, sai ga ƙwayoyin jini kamar an watsa gero, a tsakaninsu kuma wasu 'yan abubuwa masu lanƙwasa kamar guntun zare. Ya ce, "Wannan ne tsando yake zubawa a jinin saniya."

Ban taɓa ba ki wannan labari sosai ba. Ina da shekara goma sha biyar fari ya tura mu cikin kurmi kusa da kogi. Kakanki ya san akwai tsando a wurin, amma babu ciyawa a wani wuri. A damina ɗaya garken ya rame ya zube, sai 'yan ƙalilan. Shi ya sa na bar ruga na shigo tasha. Kakanki bai ƙara zama mutum ɗaya ba har ya rasu. Ga shi ranar, a wani gari mai nisa, ina kallon abin da ya tashe mu, abin da bai kai ƙwayar ƙura ba. Na daɗe ban ɗago ba. Dattijon ya ce, "Babanka ya san ƙudan da dajin da yake zama. Mu mun san abin da ke bakinsa. Matsalar, ba ma zama wuri ɗaya da ku."

A nan ma akwai laifina. Tun da na shigo gari nake ɓoye cewa ni ɗan ruga ne. Ban koya muku Fillanci yadda ya kamata ba, ban kai ku wurin Baffanku Jauro ba sai da rasuwa ko suna. Na ɗauka abin da na sani ba ilimi ba ne tun da ba a makaranta na same shi ba. Ke da za ki karanci dabbobi da ƙwari, idan an yi hutu ki je Mutum Biyu ki yi mako guda wurin Baffa da littafinki. Ya tsufa, kuma abin da ke kansa ba a rubuta shi a ko'ina ba. Ki zauna a ƙasa ki saurare shi kamar yadda dattijon nan ya saurare ni. Haka kuma mai shara da mai gadi da direban makarantarku, ki gaishe su da suna. Ba ki san abin da suka sani ba.

Da za mu fito, a bakin ƙofa akwai tebur da ake sayar da 'yan kayayyaki. Na sayi wani ɗan madubi mai mariƙi, wanda ke ƙara girman abu. Na ce ina isa gida zan ba ki, in ce ki yafe mini. Duk tsawon hanya ina shirya maganar. A Iware na tsaya duba taya, ba don tana da matsala ba, sai don in ƙara maimaita abin da zan faɗa. Na iso gida kika fito kika karɓi jakata, kika kawo mini ruwa, kika durƙusa kika ce, "Baba, sannu da hanya." Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "An ba awaki dusa?"

Madubin ya koma aljihun mota. Na ce gobe. Goben ta zama shekara biyar.

Abin da na iya kawai shi ne kewaye-kewaye. Na sa kafinta ya yi akwatin katako mai murfi na ajiye a ƙofar ɗakinku ban ce komai ba. Idan na dawo daga tafiya na tarar da wani baƙon ƙwaro ya maƙale a gaban mota, sai in sa shi a kwalin ashana in ajiye a kan taga. Da safe in ga babu shi. Da maƙwabcin nan ya sake tayar da maganar, na ce masa karatu take yi, kuma ni na sa ta. Amma ke ban ce miki komai ba. Innarki ta gaji ta ce mini, "Akwatin katako ba ya magana, Malam. Kai ne mai baki." Na ce yarinyar ai ta gane. Ta ce, "Ta gane. Amma ba ta ji ba."

Gaskiyar Innarki ce. Ina ganin girman uba zai ragu idan ya ba 'yarsa haƙuri, sai na bar ki kina girma kina ɗari-ɗari da ni, kina kai wa Malama Rifkatu tambayoyin da ya kamata wasu ki kawo mini. Kada ki yi irin wannan jinkirin da kowa. Idan kin ɓata wa abokiyar ɗakinki ko ƙanwarki, ki faɗa da bakinki kafin kwana ya yi yawa. Kyauta ba ta zama a madadin magana.

To yanzu ki ji. Dija, na zalunce ki ranar da na ƙona kwalinki da littafinki. Ba ki yi laifin komai ba. Ki yafe mini. Kuma ranar da sakamakon jarrabawarki ya fito, da kika ga na shiga mota na rufe ƙofa na daɗe, ba rediyo nake gyarawa ba. Ban taɓa yin farin ciki irin na ranar ba.

Madubin yana cikin safar da ke kusa da wannan takarda. Na san a makarantarku akwai waɗanda suka fi shi sau dubu, amma ki riƙe shi don yawon daji.

Badi in Allah Ya kai mu zan ajiye aiki. Na gaya wa Innarki kafin ƙafafuna su gaza zan ɗauke ta da ƙannenki mu je kudu su ga giwar nan, don har yau tana cewa ƙari nake yi. Ina so a yi tafiyar lokacin hutunki, ki zama ke ce mai yi mana bayani.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Ki kwana cikin gidan sauro. Ki rubuto mana ko layi biyar ne, ki bayar a tasha a kawo, direbobin layin duk sun san ni. Idan kin rubuto, ki gaya mini abin da aka koya muku, ko kina ganin ba zan gane ba. Zan tambaya.

Allah Ya tsare ki fita da shiga, Ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, Ya haɗa ki da malamai masu haƙuri. Allah Ya sa iliminki ya amfani mutane da dabbobinsu, Ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, ban ma san abin da kika yi mini ba. Ni ne ke jiran taki amsar.

Mahaifinki,
Buba.